Martani: Arahar Hatsi da Wanda Ke Biyan Kuɗinta

Wani ɗan'uwanmu marubuci ya yi maƙala kwanakin baya yana yaba wa gwamnatin tarayya kan yadda ta karya farashin hatsi. A ganinsa manoma sun riga sun kwashi rabonsu a 2024 lokacin da buhu ya yi tashin gwauron zabo, don haka koken da suke yi yanzu kukan wanda ya saba da riba mai yawa ne aka rage masa. Ya ƙara da cewa arahar masara ta ceto masu kiwon kaji, ta sauƙaƙa wa talakan birni, kuma abin da ya fi dacewa shi ne gwamnati ta bar kasuwa ta yi halinta. Malam, ina girmama alƙalaminka, kuma na san tausayin mai jin yunwa ne ya sa ka rubuta abin da ka rubuta. Amma ni ɗan ƙasar Roni ne, kuma manomin da ka siffanta ban san shi ba a Roni, ban san shi a Gwiwa ko Kazaure ko Babura ba.

Ba na musun yunwar 2024. A watan Yuni na shekarar Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100. Magidanta sun koma cin abinci sau ɗaya a wuni, kuma a farkon Agusta matasa suka fito zanga-zanga a Kano da Jigawa da sauran jihohi. Duk gwamnatin da ta ga haka ta naɗe hannu ta yi laifi. Saɓanina da kai yana kan hanyar da aka bi, da lokacin da aka zaɓa, da wanda aka ɗora wa nauyin.

Mu fara da maganar riba. Hatsi ya kai ƙololuwar tsada ne a tsakiyar damina, daga Yuni zuwa Agusta. A irin wannan lokaci wa ke da hatsin sayarwa? Ƙaramin manomi a Amaryawa ko Zugai ya daɗe da rabuwa da nasa. Yana sayarwa ne da kaka, tun dami bai gama bushewa ba, domin a lokacin ne komai ke taso masa: bashin takin da ya ci, kuɗin 'yan ƙwadago, kuɗin makarantar yara, auren 'ya, gyaran ɗakin da ruwa ya ci. Abin da ya rage a rumbu na tuwon gida ne, kuma a gidaje da yawa ba ya kaiwa wata kakar. Idan aka shiga noman farko da maimai, za ka same shi a kasuwa da kwano a hannu yana auno, kamar ma'aikacin da ke zaune a Dutse. Tsadar 2024 ta same shi ne yana mai saye. Wanda ya ci ribarta shi ne mai jarin da ya sari hatsi a Nuwamba ya jibge a sito har bayan wata bakwai. Akwai manyan manoma da suka iya riƙe nasu suka samu, ban hana ba, amma su ƙalilan ne, kuma ba a auna al'umma da su.

Sai mu dubi abin da gwamnati ta yi. A watan Yuli 2024 Ministan Noma, Sanata Abubakar Kyari, ya sanar da ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci na tsawon kwana 150. Da Hukumar Kwastam ta fitar da ƙa'idojin a watan Agusta, jerin ya ƙunshi shinkafar da ba a gama sarrafawa ba, alkama, masara, dawa, gero da wake, kuma wa'adin ya kama daga tsakiyar Yuli zuwa ƙarshen Disamba. Malam, ka ɗora waɗannan watanni a kan kalandar manomin Roni. Ana girbin gero a Satumba. Wake na biyo baya. Ana yankan dawa a Nuwamba zuwa Disamba. Wato an buɗe ƙofa ga hatsin waje daidai watannin da namu ke shiga kasuwa, bayan manomi ya riga ya zuba kuɗinsa a ƙasa da tsadar taki da tsadar ƙwadago, ba shi da halin ja da baya. Da an yi wannan sanarwa a Fabrairu aka rufe ta a Agusta, da ta taɓa mai ɓoye hatsi, ta taimaki mai saye, ciki har da manomin kansa. Ka kuma duba waɗanda aka ba damar shigowa da kayan: kamfanoni ne masu rajista da suka shekara biyar suna aiki, masu injinan casar shinkafa da masu haɗa abincin dabbobi. Su ne dai manyan masu sayen amfanin gonarmu. An ba su wata kasuwar da za su je, an bar manomi da kasuwa ɗaya. Dakta Akinwumi Adesina, wanda ya taɓa riƙe ma'aikatar noma kuma yake shugabantar Bankin Raya Afirka a lokacin, ya yi gargaɗi tun a watan Yulin cewa wannan hanya za ta iya rusa noman ƙasar.

Ba ina cewa wannan mataki shi kaɗai ya karya farashi ba. Damina ta yi kyau a wurare da dama, naira ta ɗan tsaya, mutane da yawa sun ruga gona saboda tsadar da suka gani. Amma ɗan kasuwa da labari yake aiki. Da ya ji gwamnati ta ƙudurta saukar da farashi ko ta halin ƙaƙa, sai ya janye hannu daga sari, ya saya kaɗan kaɗan, domin ba ya son ya tara kaya su faɗi a hannunsa. Kasuwar kaka kuwa da 'yan sari take tsayuwa. Idan suka ja baya, mai buhu biyu da ya hau babur ya kai kasuwar Kazaure ba shi da zaɓi, duk abin da dillali ya taya sai ya sallama, domin ba zai biya kuɗin mota ya mayar da kaya gida ba.

A nan ne maganarka ta a bar kasuwa ta yi halinta ta fi damuna, domin ba a taɓa barin ta ba. A Fabrairu 2024 gwamnati ta ba da umarnin fitar da tan 42,000 na hatsi daga rumbunan ƙasa. A cikin watan ne hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta jihar Kano ta rufe wasu sito-sito a yankin Dawanau bisa zargin ɓoye abinci. Jami'an kwastam suka riƙa tare motocin hatsi da ke nufar kan iyaka. Mutumin Babura, wanda Nijar ke bayan gidansa, kuma kakanninsa suka yi ciniki da mutanen Damagaram tun kafin a ja layin iyaka, an hana shi kai kayansa inda za su fi daraja. Duk waɗannan hannun hukuma ne a cikin kasuwa, kuma duk gefe guda suke turawa. Da farashi ya juyo ƙasa, har buhun masara ya zubar da fiye da rabin kuɗinsa tsakanin daminar 2024 da kakar 2025, gero da dawa suka bi shi, wace hukuma ce ta fito ta ce ya isa haka? A lokacin ne aka tuna cewa kasuwa ce. Gwamnatin da ke shiga idan farashi ya hau, ta koma gefe idan ya faɗi, tana da manufar farashi ko da ba ta rubuta ta a takarda ba, kuma manufar ita ce manomi ya ciyar da birni da asararsa.

Da a ce abin da manomi ke saye ya sauko tare da abin da yake sayarwa, da ba mu yi magana ba. A 2017, ƙarƙashin shirin takin shugaban ƙasa wanda Gwamnan Jigawa na lokacin, Muhammad Badaru Abubakar, ɗan Babura, ya jagoranci kwamitinsa, an tsayar da buhun kamfa a kan naira 5,500. Yau kuɗin buhu ɗaya ya ninka wannan sau da yawa. A kakar 2025 an kai matsayin da buhun masara mai kilo 100 ba ya sayen buhun taki mai kilo 50. Litar fetur da ake saye ƙasa da naira 200 kafin 29 ga Mayu 2023 ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024, kuma da fetur ɗin nan mai noman rani a fadamun Kazaure da Roni da gefen aikin ban-ruwa na Gari yake tayar da injinsa. Maganin feshi da dala ake shigo da shi. Ɗan ƙwadago ma ya ƙara kuɗinsa, kuma yana da gaskiya. Abin da ya fi ciwo shi ne batun yuriya. Nijeriya na sarrafa ta da yawa a Lekki da Eleme, har ana fitar da ita ƙasashen waje, saboda haka farashinta a Roni yana bin farashin duniya da canjin dala. Babu wanda ya tare jirgin taki a tashar ruwa don manomi ya samu da araha. Motar gero ce ake tarewa a hanyar Babura.

Ƙasarmu kuma ba ta yafe rashin taki. Jigawa ce da duwatsu, damina gajera, gonaki sun tsufa, gado ya yayyanka su ƙanana. Wanda bai sa taki ba, ko na gida ko na zamani, ya san abin da zai tarar.

Ka kawo batun masu kaji, kuma batu ne na gaske. Masara ita ce kaso mafi girma a abincin kajin gidan gona, kuma a 2023 da 2024 gonakin kaji da yawa sun rufe, kiret ɗin ƙwai ya gagari mai ƙaramin ƙarfi. Wani zai ce ina ruwan Roni da masara, tunda mu mutanen gero da dawa ne? Ruwanmu babba ne. Idan masara ta yi tsada, masu haɗa abincin kaji sukan koma kan dawa, musamman kaura, sai ta yi daraja. Idan masara ta yi araha sai su sake ta. Uwargida ma haka take yi da tukunyarta, wanda ya fi sauƙi shi take kaiwa inji. Farashin hatsi a Dawanau tare yake tafiya, kuma abin da aka yi a Dawanau da safe ya iso kasuwanninmu kafin la'asar.

To amma ka tambayi mai kaji da ya daɗe a sana'ar abin da yake so. Ba arahar wata shida yake nema ba, yana son ya san nawa zai sayi masara a baɗi kafin ya zuba 'yan tsaki. Mun ga yadda rashin tsayayyar manufa ke wahalar da kowa. A Yuli 2020 Babban Bankin Nijeriya ya hana ba da dala don shigo da masara, aka ce a dogara da ta gida. Kafin wata biyu su cika masu kaji suka yi kuka, aka ba kamfanoni huɗu izinin shigo da tan 262,000. A Nuwamba 2023 aka ƙaddamar da noman alkama na rani a yankin Haɗeja, da tallafin rabin kuɗin iri da taki, Jigawa ta ɗauki kaso mafi girma. Wata takwas bayan haka aka ɗage harajin alkamar waje. Yau a ce noma, gobe a ce shigo. Manomi ba ya iya lissafi, mai kaji ba ya iya lissafi. Wanda ke da jari da labarin cikin gida kaɗai ke samu a kowane juyi.

Wannan ba sabon abu ba ne a wurinmu, shi ya sa dattawa ba sa mamaki. Tun daga ƙarshen shekarun 1940 hukumar cinikin gyaɗa, daga baya kuma Hukumar Ciniki ta Jihar Arewa da aka kafa a 1954, su ke yanka farashin gyaɗa da auduga. An ce an kafa su ne don a kare manomi daga hawa da saukar kasuwar duniya. A aikace sai aka riƙa biyansa ƙasa da abin da ake samu a waje, rarar ta tafi baitulmali. Dalar gyaɗar Kano da muke alfahari da hotonta, gumin ƙauyuka irin namu ne. Da fari na farkon shekarun 1970 da cutar gyaɗa ta 1975 suka zo, manomi ba shi da abin da ya tara da zai jure, sai ya bar gyaɗar. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta rushe hukumomin gaba ɗaya. Daga hukumar da ke tauye shi aka koma babu kowa. Na kawo wannan tarihi ne domin na san za ka ce da ni gwamnati ta taɓa yanka farashi kuma ba a ji daɗi ba. Haka ne. Abin da ya lalata waccan hukuma shi ne ita kaɗai ke da ikon saye, kuma burinta tara wa gwamnati kuɗi. Ba irinta nake kira a dawo da ita ba.

Kafin in faɗi abin da nake kira a yi, ka dubi abin da ke faruwa a gonaki, domin manomi ba ya rubuta maƙala, da shuka yake ba da amsa. Wanda ya yi asara a masara ko shinkafa ya rage fili. Wanda ya saba sa buhu uku na taki ya koma ɗaya ko ya haƙura. Da yawa suna karkata ga riɗi da zoɓo, waɗanda ba sa cin taki sosai kuma ana fitar da su waje, Jigawa kuwa ta yi suna a kansu. Ba laifi ba ne, dabara ce, amma ba a tuƙa tuwo da riɗi, kaza ma ba ta rayuwa da zoɓo. Matasa kuma, waɗanda tsadar 2024 ta jawo gona har muka fara murna, sun ga ƙarshen lissafi, sun koma cirani Kano da Abuja da Legas, wasu ba sa dawowa ko da ruwa ya sauka. Idan aka ɗauki shekara biyu ko uku a haka, hatsin gida zai ragu, farashi ya sake tashi, a sake neman dalar shigo da abinci. Talakan birnin da kake tausayi shi zai fara shan wannan wahala, kuma mai kaji na biye da shi.

Abin da ya kamata shi ne gwamnati ta zama mai saye idan kasuwa ta faɗi, kamar yadda take zama mai sayarwa idan ta hau. Ba ina nufin a tilasta wa ɗan kasuwa farashi ba. Ina nufin kafin ruwan shuka, a watan Afrilu ko Mayu, a sanar cewa duk wanda ya kawo gero ko dawa ko masara mai kyau da kaka, hukuma za ta saya a kan kuɗi kaza, wanda aka lissafa daga abin da noman ya ci. Idan kasuwa ta fi haka, manomi ya kai kasuwa. Idan ta gaza, ya san inda zai nufa. Indiya na yin haka tun tsakiyar shekarun 1960. Kowace shekara tana sanar da mafi ƙarancin farashi na amfanin gona 22 kafin a shuka su, ciki har da gero, dawa, masara da sha'ir, kuma tun 2018 ta ɗauki ƙa'idar cewa farashin ya kai aƙalla ninki ɗaya da rabi na kuɗin da manomi ya kashe. Tsarin nasu yana da nasa matsaloli, domin sayen ya fi ƙarfi a kan alkama da shinkafa a jihohi irin su Punjab da Haryana. Duk da haka manomin can yana shiga gona da lissafi a hannu. A nan ma sanarwar Yuli 2024 ta ambaci tsayar da mafi ƙarancin farashi ga manoma. Ɓangaren shigo da kaya ya samu takardar ƙa'idoji daga kwastam cikin makonni. Ɓangaren manomi kuwa har aka yi kaka biyu bai iso kasuwar Roni ba.

Hatsin da aka saya da kaka shi ne za a fitar a Yuli da Agusta idan tsada ta taso, a sayar wa magidanta da masu kaji da rangwame. Da haka kuɗin da za a kai wa manomin wata ƙasa ya tsaya a Gwiwa da 'Yankwashi. Wurin ajiya ma akwai. Gwamnatin tarayya ta gina manyan rumbuna a sassan ƙasar, har da na Jahun a nan Jigawa, ko da yake a 2018 an amince a ba 'yan kasuwa hayar da yawa daga cikinsu.

Akwai kuma abin da ba sai an jira Abuja ba. Maƙwabtanmu na Nijar sun fara wani tsari tun ƙarshen shekarun 1990 da taimakon hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Ƙungiyar manoma na tara hatsinta da kaka a sito mai kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a hannun mai ba da rance. Manomi ya karɓi wani kaso na darajar hatsinsa ya biya buƙatun kaka, ya yi kiwo ko sana'ar rani, idan bazara ta yi ya biya ya karɓi kayansa lokacin da suka yi daraja. Wannan ya magance ainihin ciwon, wato sayarwar dole. Gwamnatin Jigawa ta Malam Umar Namadi da ƙananan hukumomin masarautar Kazaure da ta Ringim za su iya gwada shi a mazaɓu kaɗan, a tsara rancen ta hanyar da babu riba a ciki, tunda muna da bankunan da ke aiki da tsarin Musulunci da malaman da za su duba.

Na san abin da za ka ce, Malam: 'yan kwangila za su shiga, a sayi hatsi a hannun dillalai a rubuta sunan manoma. Tsoron yana da tushe, mun ga yadda rabon taki da bashin noma suka kasance a wurare da dama. Maganinsa a aikace yake. A kafa wurin saye a kasuwannin da manomi ke iya zuwa da amalanke, irin su Roni da Kazaure da Babura. A ƙayyade yawan buhunan da za a karɓa daga mutum ɗaya don kada babban ɗan kasuwa ya cinye kason. A auna a gaban jama'a, a biya ta asusun banki ko ta waya cikin mako guda, mai unguwa da shugaban ƙungiyar manoma su shaida, a kuma karanta farashin a Rediyo Jigawa tun kafin a fara sassabe. Idan har za a sake buɗe ƙofar shigo da hatsi, a rubuta a doka cewa za ta rufe kafin geron farko ya shiga kasuwa.